Hoto a ajin jami'a: sharhi a kan littafin Martine Joly da yadda muke koyar da shi

1. Gabatarwa

A jami'o'i da manyan makarantu masu aiki da Faransanci a wannan yanki namu, ba kasafai darasin hoto yake tsayawa da ƙafarsa ba. Galibi akan saka shi cikin karatun aikin jarida ko na sadarwa, a ba shi ƴan sa'o'i cikin zango guda, sa'an nan a raba sa'o'in gida biyu: kashi ɗaya na sarrafa kyamara, kashi ɗaya na abin da ake kira nazarin hoto. Tun da aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010, suka tarar da ta Yamai, yawan ɗalibai ya ƙaru ƙwarai, kuma yau da wuya a sami ɗalibin da ba shi da kyamara cikin aljihu, watau wayarsa. Saboda haka tambayar abin da jami'a za ta ƙara wa wanda ya riga ya iya latsa maɓalli ta zama tambaya mai nauyi.

Wannan takarda ta fi shafar kashi na biyu, musamman ɗan littafin Martine Joly, Introduction à l'analyse de l'image, wanda ya fito a Paris a 1993, aka kuma yi ta sake buga shi. Duk wanda ya yi karatun sadarwa da Faransanci ya san shi. Mai karatu na iya tambaya: me ya kai masanin harshe cikin sha'anin masu hoto? Amsar ita ce kayan aikin da littafin ya ɗauka daga ɗakinmu aka aro su, daga Saussure da Peirce da Barthes. Wanda aka ari gatarinsa yana da damar leƙawa ya ga icen da ake sara da shi.

2. Abin da littafin ya yi daidai

Joly, wadda ta koyar a jami'ar Bordeaux, ta yi abin da malamai da yawa suka kasa: ta tattara ilimin alamomi cikin shafuka ƙalilan, da Faransancin da ɗan shekarar farko zai iya bi. Ta raba abin da ke cikin hoto kashi uku. Akwai alamun kama, watau abubuwan da ido ya gane, kamar mutum ko doki ko riga. Akwai alamun tsari, watau launi da haske da iyakar hoton da inda aka ajiye kowane abu. Akwai kuma alamun harshe, watau rubutun da ke tare da hoton. Amfanin wannan rabo a aji babba ne. Ɗalibin da aka miƙa wa hoto yakan ce «mace ce da yaro», ya yi shiru, yana ganin ya gama. Rabon nan yana tilasta masa ya koma ya duba ta ina haske ya shigo, me aka yanke, daga sama aka ɗauka ko daga ƙasa. Ko don wannan kaɗai littafin ya cancanci zama cikin jerin karatu, kuma ba mu ce a fid da shi ba. Matsalar tana farawa ne inda aka mai da shi dukan darasin.

3. Talla a matsayin uwar hotuna

Misalin da Joly ta yi wa cikakken nazari talla ce ta tufafin Marlboro Classics. A nan Barthes ta bi, wanda a 1964, cikin mujallar Communications, ya feɗe tallar taliyar Panzani: jakar cefane, tumatir, albasa, da launukan da ke tuna Italiya. Dalilin zaɓen talla a fili yake, kuma Barthes ya faɗe shi. A cikin talla babu abin da ya shigo da kansa, kowane abu da gangan aka sa shi, saboda haka ma'anar tana kwance a sarari, ta dace da koyo.

To, amma hoton da ɗalibinmu ya girma da shi ba irin wannan ba ne. Hoton katin shaida ne, hoton suna da biki da salla, hoton ɗan ci-rani da ya aiko daga Abijan ko Lagos ko Libiya don a ga yana lafiya, hoton shehi da aka manna a gilashin mota, hoton ɗan takara a bango. Waɗannan ba su sayar da kaya. Aikinsu su tabbatar da mutum, su ƙulla zumunta, su kawo albarka, su zama shaida a gaban hukuma. In aka ɗora musu ma'aunin talla, sai ɗalibi ya shiga neman «saƙon ɓoye» a inda babu shi, ya rubuta shafi uku a kan ma'anar labulen da ke bayan wata tsohuwa, alhali labulen shi ke nan mai hoton yake da shi.

Abin mamaki, littafin da ya fi kusa da buƙatarmu yana nan cikin Faransanci tun 1965, watau Un art moyen na Bourdieu da abokan aikinsa, wanda ya duba abin da iyali da manoman Faransa suke yi da hoto: yaushe ake ɗauka, wa ake ɗauka, ina ake ajiyewa, wa ake nuna wa. Tambayoyin nan huɗu sun fi buɗe hoton bikin Tasawa a kan dukan nazarin Panzani. Amma da yake an jera littafin cikin ilimin zaman jama'a, malamin sadarwa yakan bar wa maƙwabcinsa, maƙwabcin kuma ba ya koyar da hoto.

Barthes kansa ya yi gargaɗin da almajiransa suke mantawa. Ya nuna cewa ƙamshin Italiya da ke cikin sunan Panzani Bafaranshe ne yake jin sa, mutumin Italiya ba zai ji ba. Watau ma'anar tana ga mai kallo da abin da ya sani tun kafin ya kalla. In haka ne, ɗalibin Dakwaro da aka ba shi wannan talla ba nazari yake yi ba, hadda yake yi: yana koyon abin da Bafaranshen 1964 ya ji, ya mai da wa malam ranar jarrabawa.

4. Alamun tsari ba na kowa da kowa ba ne

A nan ne, a ganinmu, koyarwar ta fi yin ɓarna, domin a nan ne ake ba da al'ada da sunan ƙa'ida.

Ga misali, littattafan irin wannan suna koyar da cewa ido yana shiga hoto daga hagu ya tafi dama, kuma layin da ya hau zuwa dama yana nuna ci gaba. Marubutan da suka san aikinsu sukan ƙara da cewa wannan ya samo asali daga yadda ake karatun boko. Amma a aji wannan ƙarin bayani yakan faɗi a hanya. Yawancin ɗalibanmu sun riƙe allo kafin su shiga lakwal, idonsu ya fara koyon tafiya daga dama zuwa hagu. Ba mu ce lalle haka suke kallon hoto ba. Muna cewa tambaya ce da ta cancanci gwaji, kuma gwajin ba shi da tsada: hoto ɗaya, a juya shi, a nuna wa rukuni biyu, a rubuta abin da kowa ya fara ambata. Maimakon haka ana rubuta musu amsar a allo.

Haka sha'anin kallo. A nazarin da aka saba, wanda ya dubi kyamara kai tsaye yana magana da mai kallo, wanda ya kawar da ido kuwa ya zama abin kallo ko mai tunani. Amaryar da ta sunkuyar da kai fa? Saurayin da ya tsaya kusa da kawunsa ya ƙi ɗaga ido fa? Kowane ɗalibi a ajin ya san sunan wannan, kunya ce, kuma ya san wa ake jin kunya, da lokacin da rashinta yake zama abin faɗa. Ya san dattijon da ya ƙi murmushi ba fushi yake yi ba, kamala yake nunawa. Ya san dalilin da ya sa mace ta shimfiɗa hannuwa bisa gwiwa, don lalle da zobe su fito. Duk wannan sani yana cikin kansa, da Hausa ko Zabarmanci ko Tamajak, amma takardar jarrabawa ba ta da gurbinsa. Sai ya rubuta cewa amaryar tana cikin baƙin ciki, don haka ya ga an fassara irin wannan zama a littafi, malam kuma ya ba shi maki.

Launi ma haka. Hausa tana da fari da baƙi da ja a matsayin ginshiƙai, sauran kamar shuɗi da tsanwa da ruwan ɗorawa suna biye. Kalmomin nan uku su ne kuma ake siffanta fatar mutum da su, tare da irin su wankan tarwaɗa. Idan mai zuwa ɗaukar hoto ya ce a sa masa haske, ba maganar fitila yake yi ba. Za mu koma kan wannan.

5. Wa ya ɗauki hoton?

Bari mu shiga gonarmu. A Hausa ana cewa «ya ɗauke ni hoto»: mutumin shi ne karɓau, shi aka ɗauka. Amma kuma wanda ya yi wanka ya sa rigar salla ya tafi wurin mai hoto yana iya dawowa ya ce «na je na ɗauki hoto», ko «mun yi hoto», ba wanda zai zaci shi ya riƙe kyamarar. Faransanci a nan sai ya yi kewaye da se faire, don ya raba mai aiki da wanda aka yi wa. Hausa ta bar aikatau ɗaya ya ɗauki su biyun a matsayin aikau. Haka «hoton Audu» yana iya zama wanda Audu yake ciki, ko wanda ya ɗauka, ko wanda ya mallaka, ko da yake kunnen Bahaushe ma'anar farko yake fara ji.

Ba mu daga cikin masu cewa nahawu yana tsara tunani, kuma ba a gina babbar magana a kan aikatau ɗaya. Amma wannan ɗabi'a ta harshe ta yi daidai da abin da ke faruwa a ɗakin mai hoto. Wanda ya zo shi ya zaɓi ranar, da tufafin, da wanda zai tsaya kusa da shi, shi ya biya, shi zai ƙi karɓa in bai yi masa ba. Koyarwar da muka gada kuwa ta ginu a kan mai hoto a matsayin mawallafi, shi kaɗai, da «idonsa».

Tarihin Seydou Keïta ya nuna inda wannan ke kaiwa. Ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948. Abin da yake ba mutane ƙananan hotuna ne da ake riƙewa a hannu. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a New York, a baje kolin Africa Explores, ba tare da sunansa ba. Bayan an gano shi, aka fara wanke dodannin hotunansa a Turai da girman da masu su ba su taɓa gani ba, aka rataya a Fondation Cartier a 1994, shekarar da aka fara taron masu hoto na Bamako. Ya rasu a 2001. Daga rashin suna ya koma mawallafi, wannan kuwa gyara ne da ya dace. Amma matan da suka zaɓi atamfar, suka kishingiɗa yadda suke so a gan su, su har yanzu yawancinsu «mace» ne kawai a ƙarƙashin hoton. Malick Sidibé ma, wanda ya karɓi Zinariyar Zaki ta Venise a 2007, haka ake koyar da shi. Mun ga ɗalibai suna nazarin waɗannan manyan bugu kamar Keïta don bangon gidan kallo ya yi su.

A nan gida muna da Philippe Koudjina, wanda aka haifa a 1940 ya rasu a Yamai a 2014, ya kuma ɗauki daren Yamai na shekarun 1960 da 1970, gidajen rawa da samari da ƴan mata. Érika Nimis kuma, a littafinta na 2005, ta bi sawun masu hoto Yarabawa da suka bazu a Afirka ta Yamma, har da Yamai. Ɗalibin da ya san Panzani bai san waɗannan ba, an yi masa rowa.

6. Haske, fata da kalmomin sana'a

Rabuwar darasin gida biyu tana sa a ɗauka na'ura ba ruwanta da al'ada. Ba haka ba ne. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi a kan zaton cewa abin da ke gabansa, in an gauraya, zai ba da toka-toka mai mai da kusan kashi 18 cikin 100 na haske. Kawo masa baƙin mutum cikin farar shadda da tsakar rana: farin ya cika ido, na'ura ta rage haske, riga ta fito da kyau, fuska ta zama inuwa. In aka buɗe don fuska, aikin rigar ya ƙone. Wannan ita ce matsalar farko ta mai hoto a Sahel, kuma littattafan koyon da ake rubutawa a ƙasashen hazo da gajimare ba su ba ta muhimmanci. Rawanin turkuɗi mai sheƙi a kan fuskar da aka rufe rabi wata matsalar ce, ƙurar hunturu da ke kashe bambancin haske da duhu wata ce. Masu hoton kasuwa sun daɗe da maganinsu: a ja mutum inuwa, a sa yaro ya riƙe farin ƙyalle ta gefe, a kunna walƙiya ko da rana tsaka.

Lorna Roth ta nuna a 2009 cewa shekaru da yawa katin da ake daidaita launi da shi a ɗakunan wanki na Kodak hoton farar mace ne, kuma, bisa ga bincikenta, koken masu sayar da cakulan da kayan katako yana cikin abin da ya sa aka gyara fim don ya riƙe launuka masu duhu. Fim ya ja baya, Kodak ma ta nemi kariyar kotu daga masu bin ta bashi a 2012, amma tambayar ba ta mutu ba. Wayoyi da yawa suna goge fata su ƙara mata haske tun kafin mai ita ya nema, sau da yawa kuma yana so. Ga darasin da ya haɗa na'ura da alamomi da zaman jama'a wuri guda, amma rabon sa'o'i ya hana shi samun mai shi.

Game da kalmomi, sana'ar tana da nata, kuma masu kyau ne. Ana wanke hoto. Hoto yana fitowa ko ya ƙi fitowa, yana kuma ƙonewa. Baƙin fim ɗin da ake wankewa daga gare shi dodon hoto ne, domin a cikinsa fari ya koma baƙi, mutum ya koma abin tsoro. Faransanci da négatif ɗinsa bai kai nan ba. Inda babu kalma, a guji fassara kalma da kalma. Mun ga an mai da profondeur de champ «zurfin fili», abin da zai sa Bahaushe ya tuna rijiya a gona. Abin da ake nufi shi ne tazarar da komi ke fitowa sarai a cikinta, daga nan zuwa can, don haka «tazarar fitowa» ta fi. Ga diaphragme muna ba da shawarar «buɗin ido», ga vitesse d'obturation kuma «saurin ƙiftawa», tun da kyamara ido ce da ke buɗewa ta ƙifta. Shawara ce kawai. Masu sana'ar ne za su karɓa ko su yar, kuma kafin a ƙirƙiro ko ɗaya ya kamata ɗaliban nazarin harshe su zauna a ɗakunan hoto na Maraɗi da Damagaram da na'urar ɗaukar magana, su ji abin da maigida ke ce wa yaronsa.

7. Rubutun ƙarƙashin hoto, da wanda ke cikinsa

Babin Joly na ƙarshe, a kan hoto da kalmomi, shi ne ya fi amfani gare mu, shi ne kuma aka fi tsallakewa in zango ya ƙure. Tunanin Barthes ne: hoto yana da ma'anoni barkatai, rubutu ne turken da ke ɗaure shi wuri ɗaya. Ba mu buƙatar talla don mu gwada wannan. A 2005 hotunan yara daga cibiyoyin jinya na Maraɗi sun zagaya duniya, aka yi ta jayayya tsakanin gwamnatin lokacin da ƙungiyoyin agaji da ƴan jarida a kan kalma: famine ce ko crise alimentaire. Hoton bai sake ba, kalmar ce ta yanke ko kuɗi za su zo, da kuma wanda za a zarga. A ba ɗalibai hoto ɗaya daga cikinsu, a ce su rubuta masa layi ɗaya da Hausa. Wani zai ce yunwa, wani fari, wani ƙarancin abinci, wani tamowa. Yunwa tana tuhumar mai mulki, fari yana mai da al'amarin ga sama, tamowa tana kai shi asibiti, wani lokaci ma ta ɗora wa uwa. Awa ɗaya a kan waɗannan kalmomi huɗu ta fi mako a kan tumatirin Panzani.

Sai dai wannan darasi yana jawo tambayar da littafin bai yi ba: uwar da ke cikin hoton an tambaye ta? Da wane harshe? Ta san inda hoton za shi? Haka Wodaabe, waɗanda tun fitowar Nomads of Niger na Carol Beckwith da Marion van Offelen a 1983 fuskokin samarinsu na Gerewol suka zama fuskar Nijar a waje. Malamin da ke tura ɗalibai gari su kawo hotuna goma kafin Litinin ya kamata ya san yana tura su cikin gidajen da ake kulle, da unguwannin da wasu malamai ke ƙyamar sura, da kuma, a layi ɗaya, shagunan da hoton Shehu Ibrahim Inyas ke rataye bisa ƙofa. Yadda ake sallama, wa ake fara neman izini wurinsa, yadda ɗalibi namiji zai haƙura da abin da ɗaliba mace kaɗai za ta iya ɗauka, duk wannan ilimin aiki ne, kuma ana iya auna shi a jarrabawa kamar yadda ake auna buɗin ido. Ga shi kuma hoton da a da yake kwance cikin akwati yau yana iya barin Tawa ya kai Kano cikin minti ɗaya ta WhatsApp, har ya kashe aure.

Akwai aikin da jami'a kaɗai za ta iya, ba kuma ya jira. Tsofaffin ɗakunan hoto suna rufewa, dodannin hotunansu suna cikin kwali, zafi da ƙura da gara suna ci, magada kuma ba su ga amfaninsu ba. Na'urar kwafe fim da kwamfuta ɗaya sun isa a fara. Abin da ya fi na'urar wuyar samu shi ne tsohuwar da za ta dubi hoton ta ce wannan wance ce, ɗiyar wane, ranar sunan ɗanta na fari, shekarar da aka yi fara. Ɗalibin da za a tura wurinta sai ya iya gaisuwa, ya iya zama a tabarma, ya kuma iya rubuta abin da ta faɗa da daidaitacciyar Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ a wurarensu, don wanda zai nemi sunan bayan shekara 30 ya same shi.